Ma'aunin da Matashi Ke Auna Sana'a da Shi

Yaron da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare a Najeriya, yana da shekara 14 ko 15, yakan tarar da kansa a wata mararraba da ba kasafai ake ba ta girman da ta cancanta ba. Za a tambaye shi ko ajin kimiyya zai shiga, ko na kasuwanci, ko na adabi da zamantakewa. Wani kuma a gida za a yi shawara ko a kai shi kwalejin koyon sana'a, ko a haɗa shi da wani ɗan'uwa a kasuwa, ko a miƙa shi ga maigidan gareji. Sau da yawa cikin 'yan mintoci ake yanke wannan hukunci, a tsakar gida ko a ofishin mataimakin shugaban makaranta, alhali kuwa shi ne zai ƙayyade darussan da yaron zai rubuta a jarrabawar WAEC ko NECO, da kuma fannonin da zai iya nema ta hannun hukumar JAMB bayan shekara uku. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke zuciyar yaron tun kafin a yi masa tambayar, wato ma'aunin da ya riga ya ɗauka yana auna ayyuka da shi, yana cewa wannan aikin kirki ne, wancan kuwa bai dace da irinsa ba.

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa uku da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai sha'awa, kamar yaron da ke son kwance rediyo ya ga abin da ke ciki. Akwai iyawa, kamar yarinyar da lissafi ke zo mata da sauƙi. Sannan akwai abin da mutum ke so aiki ya ba shi a rayuwa: kuɗi mai kauri, ko albashin da ba ya yankewa, ko girma a idon jama'a, ko 'yancin zama mai gidan kansa, ko damar taimakon mutane, ko kwanciyar rai cewa abin da yake ci halal ne. Wannan na ukun shi nake kira ma'auni. Yara biyu za su iya son gyaran waya daidai wa daida, su kuma iya shi daidai wa daida, amma ɗaya ya ƙare a rumfa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano domin ba ya son kowa ya riƙa ba shi umarni, ɗayan kuma ya shafe shekaru yana neman gurbi a wata ma'aikata domin abin da ya fi masa muhimmanci shi ne ya san ranar da albashi zai shigo.

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Donald Super, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan batu da bincike mai tsawo. A 1951 ya fara bibiyar wasu yara maza 'yan sakandare a garin Middletown na jihar New York, ya ci gaba da waiwayarsu har suka girma suka kama aiki. Ya kai ga cewa zaɓen sana'a tafiya ce mai zango-zango, kuma tsakanin shekara 14 ko 15 zuwa 24 lokaci ne na lalube, inda matashi ke gwada kansa da ayyuka iri-iri, a tunani da kuma a aikace, kafin ya tsaya a kan guda. A 1970 ya fitar da wata takardar tambayoyi mai auna abubuwa 15 da mutane ke nema a wurin aiki. Masu bincike sukan kasa irin waɗannan abubuwa gida biyu: waɗanda ke cikin aikin kansa, kamar ƙirƙira da amfani da basira da taimakon wani, da waɗanda aikin ke jawowa daga waje, kamar kuɗi da tabbas da matsayi. Kowane mutum yana son duka biyun, bambancin yana wurin wanda zai riƙe idan aka ce dole ya saki ɗaya.

Bayanin da ya fi taɓa ni shi ne na Linda Gottfredson, wanda ta gabatar a 1981. A fahimtarta, yaro yakan fara da soke ayyuka tun kafin ya fara zaɓe. Tsakanin shekara 6 zuwa 8 yake raba ayyuka zuwa na maza da na mata, ya ajiye waɗanda yake ganin ba na jinsinsa ba ne. Tsakanin 9 zuwa 13 idonsa yake buɗewa a kan daraja, sai ya jefar da ayyukan da ya ga gidansu za su ɗauka ƙasƙanci ne, ya kuma jefar da waɗanda yake ganin sun fi ƙarfinsa. Sai daga shekara 14 ne yake fara tambayar kansa abin da ransa ke so, kuma a lokacin cikin ɗan abin da ya rage yake dubawa. Ta ƙara da cewa idan rayuwa ta tilasta wa mutum sadaukarwa mai girma, sha'awarsa yake fara saki, sannan daraja, batun jinsi kuwa shi ne na ƙarshe da yake yarda ya taɓa. Wanda ya san yadda namiji ke jin nauyin a ce ya karanci girki, ko yadda mace ke ja da baya daga aikin wutar lantarki ko da tana da basirarsa, zai gane cewa wannan magana ta shafe mu.

A ƙasar Hausa wannan tacewa tana da tsohon tarihi, har tana da sunayenta. M. G. Smith, masanin al'umma ɗan asalin Jamaika wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta yadda Hausawa ke bambanta karda, wato sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wato wadda ya shiga da kansa, da yadda ake fifita mai gado a kan ɗan shigege ko da sana'arsu ɗaya. Ya kuma nuna cewa sana'o'in kansu hawa-hawa ake jera su: masu sarauta a sama, malamai da manyan fatake na biye, manoma da masu sana'ar hannu a tsakiya, sannan wasu sana'o'in da ake ajiyewa a ƙasa, har a riƙa ƙyashin haɗa aure da masu su. Tsarin yana da alherinsa, domin ɗan maƙeri ya san tun yana zuga zugazugi cewa yana da abin yi, yana da Sarkin Maƙera da zai shige masa gaba, kamar yadda mahauta ke da Sarkin Pawa, wanzamai ke da Sarkin Aska. Amma yana da illa da har yau ba ta gushe ba. Yaron da ya ji ana raina fawa a zauren gidansu zai soke duk abin da ya danganci nama daga lissafinsa, alhali kasuwancin dabbobi da nama yana cikin manyan harkokin da ke haɗa arewa da kudancin ƙasar nan.

A kan wannan tsohon jeri boko ya zo ya ɗora nasa. Tun zamanin En'e, malamin ofis mai albashi ya samu wata daraja ta daban, kuma bayan samun 'yancin kai, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ke neman 'yan Arewa da za su cike guraben aiki, duk wanda ya riƙe takarda aiki ne ke jiransa. Ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar a yi wa ma'aikatan gwamnati, a tsakiyar bunƙasar kuɗin man fetur, ya ƙara tabbatar wa mutane cewa aikin gwamnati shi ne rufin asiri: albashi duk wata, bashin mota, gidan gwamnati, fansho a ƙarshe. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin samar da likitoci da injiniyoyi, kuma sun samar da su. Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, albashi ya daina ɗaukar nauyin gida kamar da, guraben aikin ma suka yi ƙaranci idan aka kwatanta da yawan masu kammala karatu. Sai dai ma'aunin da iyaye suka ɗauka a wancan zamani bai canza da saurin da duniya ta canza ba. Kakan da ya ga alherin Udoji shi ya tarbiyyantar da uban da yau ke ce wa ɗansa: "Ka dai yi karatu ka samu aikin gwamnati, mu huta." Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 'yan shekarun nan ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna cikin harkokin da ba na ofis ba ne, irin su noma da kasuwanci da sana'ar hannu. Ke nan muna shirya zukatan yara da yawa domin ƙofar da kaɗan ne za su samu shiga.

Ba na zargin iyaye da son zuciya a kan wannan, domin abin da suka gani shi suke faɗa. Melvin Kohn, masanin zamantakewa na Amurka, ya nuna a binciken da ya wallafa a 1969 cewa irin aikin da uba ke yi yana shiga cikin tarbiyyar da yake ba 'ya'yansa. Wanda ke aiki ƙarƙashin sa ido mai tsanani, yana maimaita abu ɗaya kullum, yakan fi koya wa ɗansa biyayya da bin ƙa'ida, wanda kuma aikinsa ke buƙatar ya yi tunani ya yanke hukunci da kansa yakan fi koya wa ɗansa dogaro da kai. Ana iya ganin makamancin haka a unguwa guda. Ɗan ɗan kasuwar Kantin Kwari yana tashi yana jin maganar jari da riba da amana, yana ganin babansa ya yi asara ya sake miƙewa, saboda haka kasada ba ta ba shi tsoro. Ɗan ma'aikaci yana tashi yana jin maganar ƙarin girma da matakin albashi, saboda haka tabbas yake nema. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma abin da ake gada ya haɗa da abin da ake tsoro.

Akwai kuma ma'aunin addini, wanda a ganina shi ne mafi ƙarfi da muke da shi, kuma ba mu cika amfani da shi yadda ya kamata ba. Yaro Bahaushe tun yana ƙarami yake jin kalmomin halal da albarka da guminka. Ya ji hadisin da ke cewa mutum ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane, ya ji cewa Annabi Dawuda (AS) daga aikin hannunsa yake ci, ya ji cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kiwon tumaki ya kuma yi fatauci. Wannan koyarwa tana rushe jerin fifikon da al'ada ta gina, domin tambayarta ita ce ko aikin halal ne, ko an kyautata shi, ba ta tambayar ɗan wane ne ke yin sa. Abin baƙin ciki shi ne yaro yakan ji wannan a islamiyya da yamma, sannan da dare ya ji manya suna yabon wanda ya yi kuɗi dare ɗaya ba tare da kowa ya tambayi hanyar da ya bi ba. Matashi yana saurin gane wane ne ake tashi a ba wa kujera a wurin ɗaurin aure, kuma wannan darasi yakan fi kama zuciyarsa fiye da wanda aka karanta masa.

Ƙuntatar buri matsala ce da ta game duniya. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki da akasarin ƙasashenta masu arziki ne, ta fitar da rahoto a 2020 bisa amsoshin 'yan shekara 15 daga ƙasashe 41, inda aka ga kashi 47 cikin ɗari na maza da kashi 53 na mata suna sa ran yin ɗaya daga cikin ayyuka goma kacal, irin su likita da lauya da malamin makaranta da injiniya. Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da aka tambaya, amma duk malamin da ya taɓa tambayar ɗaliban ajin kimiyya abin da suke so su zama ya san yawan hannuwan da ke tashi idan aka ambaci likita. A 2024 fiye da mutum miliyan 1.9 ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB, guraben karatun likita kuwa ƙayyadaddu ne, hukuma ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Wanda bai samu ba sai a tura shi wani fannin da bai taɓa tunaninsa ba, ya yi shekara huɗu yana jin kamar ya faɗi. Da a ce tun yana aji uku wani ya tambaye shi me yake so a cikin likitanci, taimakon marar lafiya ko girman sunan ko kuɗin, da ya gane cewa idan taimako ne, akwai aikin jinya da ungozoma da gwaje-gwajen jini da gashin ƙashi da kiwon lafiyar al'umma, kowannensu yana biyan wannan buƙata.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ma'aunin matashi bai daskare ba, aikin da ya fara taɓawa yana sake masa siffa. Jeylan Mortimer ta Jami'ar Minnesota ta fara bibiyar ɗalibai kusan dubu ɗaya 'yan aji tara (daidai da aji uku na ƙaramar sakandare a nan) a birnin St. Paul a 1988, ta ci gaba da binsu shekaru da dama. Ta gano cewa waɗanda suka riƙa ɗan aiki a kai a kai ba tare da wuce awa 20 a mako ba sun fi samun kammala digiri a kan waɗanda suka dulmiya cikin aiki na awoyi masu yawa, kuma ingancin aikin yana da tasiri: inda matashi ke koyon sabon abu, yakan ƙara ganin ƙimar aikin kansa. Wata mai binciken kuma, Monica Kirkpatrick Johnson, ta nuna cewa matasa sukan bar sakandare suna son aiki ya ba su komai a lokaci guda, sannan a hankali su daidaita burinsu da abin da suka tarar a zahiri.

Na ga wannan da idona a shagon wani tela da ke kusa da gidanmu. An kawo masa yaro ɗan shekara 15 a lokacin dogon hutu, yaron yana ɓata rai domin a ganinsa ɗinki aikin wanda boko ya gagara ne. Makonnin farko shara yake yi, a aike shi sayo zare da sitati, ya hura gawayi a dutsen guga idan an ɗauke wuta, ya ɗinka maɓalli. Wata rana maigidan ya miƙa masa awo da alli, ya ce ya auna kafaɗar wani tsoho da ya kawo yadin sallah, ya tsaya a bayansa yana kallo bai ce komai ba. Da aka gama rigar tsohon ya saka ta zauna masa daidai, sai maigidan ya nuna yaron ya ce: "Awon wannan ne." Tsohon ya dafa kansa ya sa masa albarka. Daga ranar yaron ya fara zuwa shago kafin a buɗe. Bai bar makaranta ba, kuma ban ce lallai tela zai zama ba, amma ya ɗanɗani wani abu da babu wanda zai iya ba shi labarinsa, wato daɗin aikin da ya fita da kyau daga hannunka. Akwai kuma akasin haka, kuma yana da yawa: yaron da zai shekara biyu a gareji yana wanke sifana yana sayo wa maigida abinci, ana zaginsa idan ya yi tambaya, ba a taɓa barinsa ya kwance inji ba. Abin da wannan zai koya shi ne aiki wahala ce da ake jurewa don kuɗi, kuma da zarar ya samu babur na haya zai gudu.

Batun 'yan mata ya fi wannan sarƙaƙiya. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta bayyana yadda tallar yara mata ke haɗa matan da ke kulle da kasuwa, da yadda ribar ke tafiya wajen tara kayan ɗaki. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida tana koyon ciniki da lissafin canji da riƙon jari tun tana ƙarama, sai dai kuma tana koyon cewa amfanin aikinta yana ƙarewa ne ranar da aka kai ta ɗakinta. A yau ma yarinya mai basira takan auna kowane fanni da tambayar ko mijin da za ta aura zai bar ta ta yi, ko aikin yana da kwanan dare, ko za a tura ta wani gari. Waɗannan tambayoyi ne na gaskiya da bai kamata a yi musu dariya ba. Abin da ya dace shi ne a zauna da ita a duba su ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa takan soke fanni bisa zato, ba ta taɓa haɗuwa da matar aure mai 'ya'ya da ke yin aikin ba, alhali matan arewa da yawa sun fi so mace ta duba su a asibiti.

Gwamnati ta sha ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar manhaja. Tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a), wanda manufar ilimi ta 1977 ta tanada aka fara aiwatarwa a 1982, an gina shi ne domin yaro ya ɗanɗani aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare kafin ya zaɓi hanya. An shigo da injina daga ƙasashen waje, da yawansu suka lalace a cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malaman da za su sarrafa su. A 2011 an sanya darussan sana'a fiye da talatin a babbar sakandare, amma a makarantu da yawa a kan allo aka riƙa koyar da su. Sannan muddin mai babbar difloma ta kwalejin fasaha yana ganin ana fifita mai digiri a kansa wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, ƙaninsa da ke gida ya riga ya fahimci saƙon, ko me manhaja ta ce.

A Jamus, ɗaliban sakandare sukan bar aji na mako biyu ko uku, galibi a aji takwas zuwa goma, su je su zauna a wani kamfani ko asibiti ko shagon mai sana'a, su dawo su rubuta abin da suka gani. Mu ma muna da lokacin da ya dace da irin wannan, wato hutun da ke tsakanin jarrabawar aji uku da shiga babbar sakandare, wanda yara da yawa ke ƙarar da shi a bakin titi. Muna da marina a Ƙofar Mata, da maƙera, da ɗakunan gwaje-gwaje, da gonakin rani a Kadawa, da masu haɗa wutar sola a kusan kowace unguwa. Uba ko kawu zai iya kai yaro wuri biyu ko uku cikin wannan hutu, mako biyu a nan, mako biyu a can, bayan ya tabbatar maigidan mutum ne mai koyarwa da haƙuri. Idan yaron ya dawo da yamma, maimakon a tambaye shi nawa aka ba shi, sai a tambaye shi wane ɓangare na aikin ne ya sa bai ji wucewar lokaci ba, wane ɓangare ne kuma ya sa ya riƙa duban ƙofa, kuma a cikin mutanen da ya gani a wurin, wane ne zai so ya zama kamarsa idan ya kai shekara arba'in.